Yadda Za a Shirya Gangamin Ƙin Jinin Yaƙi a Legas, Kowa Ya Koma Gida Lafiya

Duk lokacin da wata babbar ƙasa ta fara ruwan bama-bamai a kan wata, kafin Juma'a ta zagayo sai matasa sun tare mu a ƙofar masallaci da tambaya ɗaya: "Baba, mu ba za mu fito ba ne?" Haka aka yi a kan Iraƙi a 2003, haka kuma ake yi a kan Gaza tun Oktoban 2023. Amsata ba ta sauya ba. Za mu iya fita, doka ma ta ba mu dama, amma ba irin fitar da ake yi a Kano ko Zariya ba. A Kano kana garinku. A Agege kuwa, ko da kakanka ne ya zo sayen goro tun zuwan jirgin ƙasa, ranar da rigima ta tashi sunanka baƙo. Na daɗe ina riƙe wa kwamitin unguwarmu takardu, abin da na gani ke nan nake son in shimfiɗa wa duk mai niyyar shirya irin wannan taro.

Yaran da ke ganin tsoro ne ke damunmu ba su san abin da muka gani ba. A Oktoban 2001, 'yan kwanaki bayan Amurka ta fara kai hari Afghanistan, aka yi zanga-zanga a Kano bayan sallar Juma'a. Da lumana aka fara. Kafin gari ya waye abu ya rikiɗe, aka kashe mutane da dama, aka ƙone shaguna da wuraren ibada, kuma babu Ba'amurke ko ɗaya a cikin waɗanda suka mutu. A Fabrairun 2006 zanga-zangar zanen ɓatanci da aka buga a Denmark ta zama tarzoma a Maiduguri, ramuwarta kuma ta sauka kan 'yan Arewa mazauna Onitsha, mutanen da ba su ma san an fita ba. Nan gida Legas mun ga Idi-Araba a Fabrairun 2002, mun ga Mile 12 a Maris na 2016 har aka rufe kasuwa, duka daga 'yar taƙaddamar da dattijo ɗaya zai iya kashewa da an kira shi a kan lokaci. Saboda haka mai shirya gangami a nan aiki biyu ne a kansa: ya isar da saƙonsa, kuma ya hana a wayi gari ana cewa "Hausawa sun taso."

Ku fara da zama, ku rubuta abin da kuke nema a jimla ɗaya. Wannan ya fi wuya fiye da yadda ake zato, domin a zaman farko kowa da yaƙinsa yake zuwa. Wani Amurka yake son a la'anta, wani shugabannin Larabawa, wani kuma tsohuwar gabarsa da 'yan Shi'a ko 'yan Izala ya taho da ita a aljihu. Ni nakan tuna musu da ranar 15 ga Fabrairun 2003. Ranar miliyoyin mutane suka cika titunan London da Rome da sauran biranen duniya suna cewa kada a shiga Iraƙi, amma ranar 20 ga Maris aka shiga. Idan wannan taro bai tsayar da jirgin yaƙi ba, namu na nan Legas ba zai tsayar ba. Abin da namu zai iya shi ne ya kai takarda ga gwamnatinmu kan ta ɗaga murya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya tara taimako ga waɗanda aka raba da gidajensu, ya kuma ba yaron da zuciyarsa ke tafasa wurin da zai sauke ta a gaban manya maimakon a bayan kasuwa. "A tsagaita wuta, a bar abinci da magani su shiga" jimla ce da limami da fasto da ɗan ƙwadago duk za su iya tsayawa a bayanta. Ku tsaya a nan.

Daga nan sai yawon gaisuwa, kuma shi ne rabin aikin. Sarkin Hausawan unguwarku ne farko, don idan abu ya lalace shi za a fara kira ofishin 'yan sanda. Kada ya ji labari a bakin wani. Bayan shi sai Baale, wato mai unguwar Yarbawa, sai limaman Yarbawa, sai shugabannin kasuwa. Ba da waya ake wannan ba, da ƙafa ake zuwa, a tuɓe takalmi, a gaisa har gaisuwa ta ƙare kafin a kawo magana. Ƙungiyoyin Musulmin Yarbawa irin su Ansar-ud-Deen da NASFAT da ɗaliban MSSN sun fi mu sanin hanyoyin gwamnatin jihar, suna da lauyoyi da likitoci da 'yan jarida a cikinsu, kuma garinsu ne. Idan suna shirya nasu taron, shawarata ku shiga nasu, ku bar naku. Idan ku ne kuka fara, ku roƙe su su zo su tsaya a sahun gaba. Hoton da zai fita a talabijin ya nuna Alfa da rawaninsa, da Alhaja da gyalenta, da Bahaushe da hularsa, in an samu fasto da ɗan ƙungiyar ƙwadago ma ya fi. Wasu matasanmu kan ji haushin wannan, su ce mu muka yi wahala wasu suka hau mumbari. To, su hau. Wanda ya hau mumbari shi ne zai amsa tambaya gobe.

Sai batun 'yan sanda, inda mutanenmu suka fi ruɗewa. Ba izini ake nema ba, sanarwa ake bayarwa. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin taruwa cikin lumana. Masu shekaru za su tuna gangamin ANPP a Kano a Satumban 2003 da 'yan sanda suka watsa da barkonon tsohuwa, wai ba a karɓi izini ba. Jam'iyyun adawa suka kai ƙara, Femi Falana ya tsaya musu, Babbar Kotun Tarayya ta ba su gaskiya a 2005, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a Disamban 2007 cewa neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ƙara da cewa idan an sanar da su, aikinsu ne su ba taron tsaro.

Wannan a takarda ke nan. A ƙasa kuwa, sanin doka ba ya hana a sa ka a bayan mota, don haka ladabi ya fi gardama amfani. Ku rubuta takarda da Turanci zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda a Ikeja, ku ba DPO na yankin da za a taru kwafi, tun da sauran aƙalla mako guda. A ciki a faɗi rana, lokacin farawa da lokacin tashi, wuri, kimanin yawan mutane, da sunaye da lambobin mutum uku da za a tuntuɓa. Ku tafi da kwafi biyu, kada ku baro ofishin sai an buga wa naku hatimi da kwanan wata. Wannan kwafin mai hatimi a ɗauki hotonsa a waya, a ba lauyanku ɗaya, ɗaya kuma ya kasance a aljihun shugaban taro ranar fita. Ku nemi ganin DPO ido da ido. "Yallaɓai, mun zo ne mu sanar da kai, kuma mu ji shawararka kan inda motoci za su tsaya." Mutumin da aka nemi shawararsa da wuya ya zama na farkon ba da umarnin a watsa ku. Jami'an LASTMA, masu kula da zirga-zirgar motoci a Legas, su ma a sanar da su, don motocinku a hannunsu suke.

Wuri kuwa, ni Ojota nake zaɓa, filin Gani Fawehinmi. Can aka yi taron adawa da cire tallafin mai a Janairun 2012, kuma da kotu ta taƙaita wuraren zanga-zangar Agustan 2024 a Legas, shi da filin Ketu ta ambata. 'Yan sanda sun saba da shi, 'yan jarida sun san hanyarsa, mutanenmu na Mile 12 da Ketu kuma kusa ne gare su. Kullum sai an sami mai cewa a tafi ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Victoria Island, tunda can ne masu laifin. Kada ku yarda. Sai kun haye gada kafin ku isa, hanyoyin shiga ƙalilan ne, masu tsaron wurin kuma ba su da haƙurin sauraron bayani. Wanda ya ga abin da ya faru a Lekki ranar 20 ga Oktoban 2020 ya san abin da ake nufi da taro a wurin da mafita ta yi kaɗan. Idan akwai takardar da za a miƙa, dattawa biyar su kai ta Majalisar Dokoki a Alausa a ranar aiki, su karɓo shaidar an karɓa.

Tsayuwa wuri ɗaya ta fi tattaki. Tattaki yana da wutsiya, kuma ba ka san wanda ya shiga wutsiyar ba. Sannan kada ku sa shi bayan sallar Juma'a, duk da na san nan ne jama'a take. Taron bayan Juma'a ba naka ba ne, ba ka san adadinsa ba, huɗuba ta riga ta ɗumama shi, ga rana, ga cunkoson motocin Juma'a da zai sa duk direban da kuka tare ya tsane ku da abin da kuka fito dominsa. Asabar da safe, a fara da tara, a tashi kafin azahar. Ku ɗauki hayar motoci daga kowace unguwa, kowace mota da shugabanta da jerin sunayen waɗanda ke ciki. 'Yan acaba su bar baburansu a gida. Tun 2022 aka hana acaba a ƙananan hukumomi da dama har da Kosofe inda Ojota take, kuma babu abin da ke tayar da hankalin Legas kamar ganin ayarin babura da 'yan Arewa a kai. 'Yan uwanmu na Nijar da Chadi su taya mu da addu'a daga gida, domin kamun baƙo daban yake da kamun ɗan ƙasa. Yara ƙanana da almajirai ma ba da su ba.

Daren jajibiri a tattara duk kwalaye wuri ɗaya. Mu a farfajiyar masallaci muke yi bayan isha'i, a ƙarƙashin fitila mai caji, da kwalayen taliya da aka farke da alƙaluman maka baƙi da ja. Kowane kwali sai ya bi ta hannun mutum biyu, ɗaya mai Turanci, ɗaya mai jin Yarbanci. Na taɓa ɗaga wani da yaro ya zana tauraro mai tsini shida ya soke shi da wuƙa, jini na ɗiga da jan maka, ya ɓata lokaci sosai a kansa har da inuwa. Na ce masa, "Ɗana, hannunka na da kyau, amma wannan shi kaɗai za a nuna a labaran dare." Muka juya kwalin, ya zana uwa riƙe da jariri. Duk abin da ya zagi wani addini ko wata ƙabila, ko ya yi kiran mutuwa ga wani, a ajiye shi. Rubutu ya zama da Turanci da Yarbanci da Hausa, don mai wucewa a danfo, motar hayar Legas, ya karanta ya san ba da shi ake ba. Larabci zalla a kan baƙin ƙyalle, ko da kalmar shahada ce, a Legas wata fassara ake yi masa, kun kuma san ta.

Tuta ita ce ta fi ɗaure mutane. A Agustan 2024 matasa a Kano da Kaduna suka ɗaga tutar Rasha, aka kama su har da telolin da suka ɗinka. A Nuwamba aka gurfanar da yara a kotu a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, sai da shugaban ƙasa ya sa baki aka sake su. Tutar Najeriya ta fi kowace yawa a taronku. Ta ƙasar da ake yi wa ruwan wuta za a iya riƙewa idan an faɗa wa 'yan sanda tun farko. Tutar wata ƙungiya mai ɗauke da makami, ko hoton wani madugun yaƙi, a'a. Ƙona tuta ma a'a, don inda aka kunna ashana an samu taya.

Akwai abin da baƙo ba zai tuna ba sai ɗan gida: aljihun mutanenmu. Mahauci da mai tsire da mai yankan farce da mai gyaran takalmi, kowannensu da ƙarfe yake yawo, ba da wata niyya ba, kayan sana'a ne. A bakin mota 'yan agaji su laluba kowa, har da dattawa don kada yaro ya ji an raina shi. Wuƙa ɗaya da za a samu a jikin mutum ɗaya ta isa a rubuta cewa an kama 'yan daba da makamai.

'Yan agajin masallatai su ne dukiyarku, sun saba da tsare sahu a Idi da tafsiri. Ku sa su kewaye taron, fuskarsu na kallon waje, wasu kuma a ciki. Lasifika ɗaya tak, a hannun mutum ɗaya mai sanyin rai, masu magana kuma an san su tun jiya, kowa da mintocinsa. Wanda ya zo da zafinsa yana neman a ba shi minti ɗaya, a ba shi ruwan leda. 'Yan tasha da zauna-gari-banzan unguwa za su zo, wasu neman na goro, wasu neman a tanka musu. Kada Bahaushe ya amsa musu. Abokan tafiyarku Yarbawa su yi magana da su da harshensu, yawanci a nan take mutuwa. Idan aka yi jifa daga waje, mai lasifika ya ce kowa ya zauna a ƙasa. Mai jifa ne kaɗai zai rage a tsaye. Idan kuma aka harba barkonon tsohuwa, a bi inda iska ke fitowa, a tafi da sauri ba gudu ba, kada a murza ido, a wanke da ruwa mai tsabta. Kada kowa ya tsallaka titin Ikorodu a guje, motocin wurin sun fi hayaƙin kisa. Masu asma da masu hawan jini tun farko a ajiye su kusa da mota. Lambar gaggawa ta Legas 112 ce ko 767, lambar lauya kuma kowa ya rubuta a takarda, don waya ita ake fara rasawa.

Watsewa ita ce inda ake faɗuwa. Yawancin tarzomar da na sani ba a filin taro ta fara ba, a hanyar komawa ce, lokacin da manya sun shiga motocinsu, an bar yara da kwalaye a hannu da sauran zafi a ƙirji. Saboda haka a karɓe kwalaye da tutoci kafin a yi addu'ar tashi. Motoci su tashi ɗaya bayan ɗaya, kowane shugaban mota ya kira sunaye, kuma shugabannin taro su ne na ƙarshen barin fili, bayan an tsince ledojin ruwa. Babu tsayawa a gaban wani kanti ko gidan abinci don sunansa na Turawa ne. A Satumban 2019, da aka fusata kan abin da ake yi wa 'yan Najeriya a Afirka ta Kudu, aka far wa Shoprite da ofisoshin MTN a nan Legas, waɗanda suka yi asara kuwa 'yan Najeriya ne masu shaguna da masu aiki a ciki. Wanda ya ga ƙaurace wa kayan wani kamfani ne hanyarsa, ya riƙe kuɗinsa a aljihu, wannan haƙƙinsa ne, kuma ba ya bukatar dutse.

Da kun isa gida, ku kira Arewa. Wannan ba wasa ba ne. Kafin la'asar wani zai ɗauko tsohon bidiyon wata rigima ya saka a WhatsApp da muryar kuka, "ana kashe Hausawa a Legas", kuma kafin ku ƙaryata wani ya fara huce haushi kan mai shagon kayan gyara a Sabon Gari. Ku ɗauki gajeren bidiyo na watsewar taron, shugaba ya faɗi rana da wuri da cewa kowa lafiya, ku tura wa 'yan uwa da gidajen rediyo. RFI Hausa a nan Legas take, BBC ma tana da ofishi. Mutanen garin nan sun san abin da firgici ke yi: ranar 27 ga Janairun 2002 da ma'ajiyar makamai ta fashe a barikin Ikeja, mutane suka ɗauka yaƙi ne ko juyin mulki, kuma mafi yawan waɗanda suka rasu ba wuta ce ta ci su ba, ruwan Oke-Afa suka faɗa cikin gudu.

Wanda ba zai fita ba ma yana da aiki a gida. Yaƙin nesa yana shigowa ɗaki ta waya da ta tukunya. Da Rasha ta shiga Ukraine a Fabrairun 2022, mai shayin bakin layinmu ya ji a kuɗin burodi. Da Sudan ta kama a Afrilun 2023, iyayen ɗalibai sun yi kwanaki ba barci har aka kwaso yaran ta iyakar Masar. Abin da nake gaya wa iyalina shi ne a saurari labarai da safe da yamma daga gidan rediyon da aka sani, a rufe. Bidiyon gawarwaki ba a buɗe shi gaban yara, ba a kuma tura shi gaba. Kallonsa sau goma ba ya ƙara wa mamacin komai, barci kawai yake hana ka. Maƙwabcinka Kirista da ya je ziyara Ƙudus, yana ganin Isra'ila da idon Littafinsa, ba za ka sauya shi a bakin famfo ba, shi ma ba zai sauya ka ba. Ku gaisa, ku yi maganar wutar lantarki. A cikin danfo kuwa ko an tsokane ka, ka kalli taga.

Kuɗin taimako a bi da shi ta ƙungiyar da ke da rajista, wadda za ta ba da rasit, a karanta lissafi a masallaci Juma'a mai zuwa, a kuma manna shi a bango. Tura kuɗi ƙasar da ake yaƙi ta asusun wani mutum da aka gani a Facebook hanya ce ta asara, wani lokaci ma ta amsa tambayoyin da ba ka shirya musu ba.

Akwai kuma lokacin da fasawa ce daidai. Idan ana dab da zaɓe, ko an yi wata rigimar ƙabilanci a kwanakin, ko a nan ko a Arewa, ko kuma abokan tafiyarku Yarbawa suka janye, ko Sarkin Hausawa ya ce a dakata, to a dakata. A yi alƙunut a masallatai, a tara taimakon, dattawa su kai takarda Alausa ranar Litinin. Idan kuwa an yi taron an tashi lafiya, washegari mutum uku su koma wurin DPO da Baale su yi godiya, su bar musu kwafin takardar da aka miƙa, domin wata shida masu zuwa ƙofarsu za ku sake ƙwanƙwasawa.